Rakiyar Kansila Kamilu

Duk Kanyar Maje babu wanda bai san Baba Dabo bai taɓa awo ba. Wanda bai sani ba, ya zauna da shi na tsawon shan kofin shayi ɗaya zai sani. Shekara tamanin da 'yan kai a duniya, bai taɓa ɗaukar buhu ya je kasuwa ya ce a auna masa hatsi ba. Farin saba'in da uku ya same shi da mata da 'ya'ya huɗu, mutane na tonon gidan tururuwa, shi kuwa daga rumbunsa ya ci har ruwa ya sauka. Na tamanin da huɗu ya zo ya wuce, haka. Lokacin aikin dam ɗin Watari shi ne mai ɗora kwanon ƙasa biyu a ka, samari suna nishi da ɗaya. Bai shiga aji ba ko na yini guda, karatun allonsa ma a Sabbi ya tsaya, amma masu takardu nawa ya raka maƙabarta? Shi kansa ya daina lissafi.

To sai ga shekarar nan da mai ya yi tashin da ya yi, kwanon masara ya fi kuɗin yinin ɗan ƙwadago.

Ƙasar wajensu ba ta san hutu ba. Gona a jikin gona take, tsakaninka da maƙwabcinka ɗan layin gamba ne, in ka yi tari a taka sai ka ji sannu daga gonaki uku. Abin da ya rage wa Dabo bayan ya yanka wa 'ya'yansa maza nasu, fage biyu ne, na tudu da na gangare. Awakin da ke ba shi takin gida rabinsu sun tafi kasuwa da rani. Baki goma sha ɗaya ke ci a tukunyar matarsa Furera, har da 'yarsu Zulaihatu da mijinta ya rasu ta dawo da nata yaran. Duk da haka masara ya shirya zubawa a fagen biyu. Masara kuwa ba gero ba ce, ba ta yafe wa wanda bai ba ta taki ba. Ya yi wannan shiri ne don sunansa ya shiga takardar takin gwamnati mai rahusa, buhu biyu, kamfa da yuriya. Kuma takin ya iso. Da idonsa ya ga mota ta sauke buhu ɗari uku a siton mazaɓa da ke gefen firamare, ya ga kansilansu Kamilu ya danna kwaɗo ya zare makulli.

Saura kwana uku a yi rabo, rediyo ya fasa ƙwai.

Masu bincike daga birni ne suka bi takardun tafiye-tafiyen ciyaman da kansilolinsa. Ciyaman ya karɓi kuɗin zuwa ƙasar waje koyon noman rani, fasfonsa kuwa ko hatimi guda babu. Amma na Kamilu shi ya fi ba mutane dariya kafin ya ba su haushi. Kamilu ya rubuta cewa ya kai ziyarar aiki Kanyar Maje sau sittin da ɗaya, ya karɓi kuɗin mai, ya karɓi kuɗin masauki. Kamilun da a Kanyar Maje aka yanke masa cibiya, gidansa na bayan masallacin Juma'a, tagarsa na kallon wurin alwala!

"Ashe baƙo muke gaisarwa kullum da safe ba mu sani ba," in ji Kallamu. Shi Kallamu Babarbare ne, kakanninsa fataucin kanwa ya kawo su suka zauna. Yana da rumfar kayan masarufi a bakin masallaci, kuma tun suna samari shi da Dabo ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Daga sama aka aiko takarda. Duk wanda sunansa ya fito kada ya ƙara taɓa kayan gwamnati. Ranar da ya ajiye muƙami, ya miƙa makullin sito ga limamin mazaɓa da dattawa, su su yi rabo. Ciyaman ya fito a rediyo ya ce shi da kansilolinsa za su sauka don a yi bincike. Ranar Juma'a kuma, ana sallame salla, Kamilu ya miƙe ya karɓi lasifika a hannun Liman Mika'ilu.

"Iyayena da 'yan'uwana," ya ce, muryarsa na rawa, "ni dai na tafi. Wanda na ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe ni."

Har da hawaye. Liman ya ja addu'a aka shafa. Dabo ya ce "Mun yafe!" da ƙarfi yadda na sahun baya za su san shi ne ya faɗa.

Asabar ta zo, Kamilu na nan. Aka ce sai bayan Babbar Salla. Salla ta wuce, ruwa ya zauna, aka yi shuka, aka ce ana haɗa takardun miƙa aiki. Masara ta tsiro ta kai idon sawu, aka ce ciyaman ya tafi ganin likita, ba a sauka shugaba ba ya nan. Ta kai gwiwa, aka ce ya dawo amma sakatare ya yi tafiya. Sai daga baya magana ta fito: in suka lallaɓa suka kai ƙarshen watan tara, wa'adinsu ya cika ke nan, za a ba su kuɗin sallama. Wanda ya sauka kafin nan ba shi da ko sisi.

Watan tara! Ai lokacin an fara gasa sabuwar masara.

Wata safiya Dabo ya tsaya a fagen tudu, wanda ya shuka da ruwan farko. Ganyen ƙasa duk ya yi rawaya, karan siriri kamar tsinken sakace. Ya san abin da kowane manomi ya sani, in ta fid da kai ba ta sha taki ba, ko tirela ka juye mata daga baya ba za ta yi goyon kirki ba. Bai koma gida ba, ƙofar gidan Kamilu ya wuce. Ya same shi a kan tabarma yana shan shayi da burodi, wata baƙar jakar hannu a kan cinyarsa.

"Baba, barka da asuba. Ku zauna mana."

"Ban zo zama ba. Tashi ka buɗe sito ka raba mana taki."

"Baba, ai kun ji takardar. An hana ni taɓawa."

"To ba Liman makullin."

"In na ba shi ai na sauka ke nan."

"To ka sauka mana! Ba kai ka ce za ka sauka ba?"

"Na ce zan sauka, Baba, ban ce yau ba. Ana kan tsari."

"Tsarin me? Kujera ce ko rimi? Ni na sauko daga kan giginya da ƙafa ɗaya a karye, ban jira sakatare ba!"

Kamilu ya yi murmushin nan na 'yan siyasa da ba ya kai wa ido. "Ku ƙara haƙuri kaɗan, Baba."

"Ni zan yi haƙuri. Je ka gaya wa masarar."

Daga nan rumfar Kallamu ya nufa, yana tafe yana faɗa shi kaɗai. Kallamu ya saurare shi har ya gama, yana ƙulla sukari a leda.

"Ku Fulani ba ku san karamci ba, shi ya sa," in ji Kallamu. "Takardar gwamnati ta ce mutumin nan baƙo ne. Ya tashi a masallaci ya yi muku bankwana, kun yi masa addu'a. To wa ya raka shi? Baƙo ya ce zai tafi, kun zauna kuna kallonsa. Ina zai tafi ba rakiya?"

Mutanen rumfar suka kwashe da dariya. Dabo bai yi ba. Ya tsaya yana kallon Kallamu, can ya gyaɗa kai.

"Babarbare, yau shekara sittin ina jiran ka faɗi magana mai amfani. Da ma abin yana raina, ka riga ni ne kawai."

Washegari da hantsi Kamilu ya fito cikin shadda, jaka a hammata, sai ya ga Baba Dabo a ƙofar gida da rigarsa ta Juma'a da sanda.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Rakiya na zo."

"Rakiyar wa?"

"Taka. Ka yi mana bankwana muka bar ka haka, laifinmu ne. Kawo jakar."

Kafin Kamilu ya yi wani motsi tsohon ya zare ta daga hammatarsa. Wanda ake rakawa ba ya ɗaukar kaya, kowa ya san wannan. Wani abu ya yi ƙara a ciki, Dabo ya gyara mata zama a tasa hammatar.

"Haba Baba, kamar ku ku ɗaukar min jaka? Mutane na kallo."

"Su kalla. Mu je."

Ita rakiya ƙa'idarta ɗaya ce. Mai rakiya ba ya juyawa don kansa. Sai wanda ake rakawa ya tsaya ya ce a koma haka, ya yi godiya, a yi musabaha, shi ya wuce, su su dawo. Kamilu ba yaro ba ne, ya san in ya furta wannan kalma a gaban mutane ya amsa cewa shi matafiyi ne. Don haka ya faɗi komai ban da ita.

"Baba, ku je ku huta."

"Ban gaji ba. Ni da na kora shanu daga nan har Zariya a ƙasa?"

"Baba, rana ta yi."

"Wannan ce rana? Ba ka ga ta saba'in da uku ba. Bari in gaya maka yadda aka yi."

Ya kuwa gaya masa, tun daga ranar da gajimare ya ɗauke.

An karɓe motar ofis tun farkon rigimar, don haka a bakin hanya Kamilu ya tsayar da ɗan acaɓa. Yana hawa ya ji mutum ya hau bayansa.

"Baba, sakatariya za ni!"

"Allah ya kai mu."

Ɗan acaɓa ya ce kuɗin mutum biyu ne. Dabo ya ce shi rakiya ya zo, mai rakiya kuwa bai taɓa biyan kuɗin mota ba tun da aka kafa garin nan. Kamilu ya biya. A sakatariya tsohon ya zauna a bencin ƙofar ofis, duk wanda ya tambaye shi abin da yake jira sai ya ce, "Onarabul muke rakawa, zai sauka." Da la'asar ya dawo da shi har ƙofar gida, ya miƙa masa jakarsa da hannu biyu, ya ce gobe ma in Allah ya kai mu.

Kwana na biyu Kamilu ya so fita ta ƙofar baya, ya tarar da Dabo a can. Mahaifiyar Kamilu ce, Inna Safara'u, ta aika aka gaya wa tsohon. Ita ma tana da 'yar gayaunarta, ita ma masararta ta yi rawaya, kuma ta riga ta rantse in ta ga makullin nan a gidan da kanta za ta kai wa Liman.

Kwana na uku mutum huɗu suka bi. Na biyar, goma sha tara. Ba mai zagi, ba mai ɗaga murya. Wani ya ɗauki butar Kamilu, wani dardumarsa, Kallamu ya rufe rumfa ya zo da lema yana riƙe masa. In ya je suna, suna bayansa. In ya je gaisuwar mutuwa, su tsuguna a waje su jira. In ya shiga kewaye, mai buta ya miƙa masa ya ce a fito lafiya. Duk tsawon hanya kuma Dabo na gefen kunnensa na dama.

Kamilu ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Babbansu ya ajiye biro ya dube shi.

"Sun zage ka?"

"A'a."

"Sun taɓa ka?"

"A'a."

"To me suka yi?"

"Raka ni suke yi."

Mutumin ya leƙa ta taga, ya ga dattawa tsugune a inuwar darbejiya, ɗaya rungume da darduma. Ya ce, "Onarabul, ni shekara ashirin ina aikin nan, ko sau ɗaya ba a yi min wannan karamcin ba."

A gida kuwa Dabo ba ya samun irin wannan yabon. Furera ce ke gasa masa gwiwa da ruwan zafi kowace yamma, tana gasawa tana faɗa.

"Malam, kai kana rakiyar kansila, ciyawa na rakiyar masararka. Ni da Zulaihatu muke fama da gangare."

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Na san gwiwa. Wanda ake rakawa ya dawo ya ci shinkafa da kaza, mai rakiya ya dawo ya ci tuwo miyar kuka ba mai. Wa zai riga gajiya?"

"Ni Dabo? Ni da na—"

"Na sani, kwano biyu a Watari. A lokacin ni nake gasa maka wuyan ai. Miƙo ɗayar ƙafar."

Ya miƙa. Tana gasawa ta ce a hankali, "Rumbu ya kusa ƙasa, Malam. In masarar nan ba ta yi ba, awo za ka yi, kana so ba ka so."

Ya janye ƙafarsa. Ya ture kwanon tuwonsa bai gama ba.

Ranar kwana na tara, kafin ya je ƙofar Kamilu ya biya ta fagen tudu. Ta fid da kai. Tsayinta bai wuce ƙugunsa ba, ga kai ya leƙo, fari-fari, ƙanana. Ya tsaya ya daɗe. Ya gangara fagen gangare, wanda ya shuka bayan kwana goma sha biyu. Ita tana nan tukuna, rawaya amma da sauran rai. In ta sha taki cikin kwana uku ko huɗu za ta tashi. In ba ta sha ba ta bi 'yar'uwarta.

Shi ma Kamilu da nasa shirin ya fito ran nan. An yi ruwa da asuba, rana ta buɗe da zafin nan mai ɗanɗanon tururi. Ya dubi taron da ke ƙofar gidansa, sun kai arba'in, yawancinsu masu furfura. Bai nemi acaɓa ba. Ya miƙa wa Dabo jakar da kansa, ya kama hanyar gonaki a ƙasa, da sauri. Nufinsa ya zaga da su ta doguwar hanya har bakin kwalta, tsofaffin su zube ɗaya bayan ɗaya, a daina.

Sun zube kuwa. A rijiyar makiyaya mutum goma suka zauna. A kan iyakar gari, wajen tsohuwar tsamiya, wasu suka ce nan rakiya ta saba tsayawa, suka tsaya. Liman Mika'ilu yana tura kekensa cikin laka yana salati. Kallamu ya naɗe lemar ya mai da ita sanda. Aka rage goma sha biyu.

Dabo kuwa yana gefen kunnen dama, jaka a hammata. Gwiwar na yi masa kamar ana soka allura, amma wa zai gani? Bakin bai tsaya ba.

"Wannan ai ba tafiya ba ce, Onarabul. Mu a saba'in da uku, da rijiyoyin nan suka ƙafe, daga nan muke tashi da jakuna..."

"Kun faɗa min, Baba."

"Ban faɗa maka na jakin Badaru ba. Shi Badaru ƙanen kakanka ne ta wajen uwa. Jakin nan da ka gan shi..."

Abin da Kamilu bai lissafa ba shi ne kansa. Shekara uku yana cikin mota, ciki ya fito, ga shadda mai sitaci, ga takalmi sau-ciki sabo. Laka ta kama takalmin, takalmin ya kama diddige. Tun daga tsamiya yake ɗingishi yana ɓoyewa. Rigar ta manne masa a baya. Da suka hango kwalta numfashinsa har na baya suna ji. A kan kwalbatin bakin titi ya zube, ya cire takalmin, diddigen duka biyu sun saɓule.

Dabo ya tsaya a kansa, bai zauna ba. Da ya zauna ba zai iya tashi ba, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

"Ka huta, ba sauri muke ba. To shi jakin nan, da muka isa rafin muka tarar ba ruwa, sai na ce da Badaru, ka ga ni Dabo, ko shekara bakwai za a yi ana farin nan ba za ka gan ni da kwanon awo ba. A shekarar saba'in da uku fa ke nan..."

Kamilu ya ɗago, idanunsa jawur.

"Saba'in da uku! Saba'in da uku! Kwana tara ina cin saba'in da uku ina sha! Baba, don girman Allah ku koma haka! Na gode! Na gode da rakiya, ku koma!"

Kowa ya juyo ya dubi Liman. Wata motar itace ta wuce.

Liman Mika'ilu ya jingine kekensa, ya ɗaga hannuwa. "Alhamdu lillahi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya. Fatiha."

Hannuwan mutum goma sha biyu suka tashi. Kamilu ya buɗe baki.

"Malam, ba haka nake nufi ba, ni cewa na yi..."

"Mu goma sha biyu muka ji," in ji Kallamu, "kuma ɗayanmu liman ne. Juma'a ma zai iya maimaitawa a lasifika, in ka manta."

Aka shafa. Dabo ya miƙa wa Kamilu hannu suka yi musabaha, sannan ya ɗora masa jakar a cinya da hannu biyu.

"Ga kayanka, ban taɓa ko zif ɗinta ba. Amma akwai abu ɗaya a ciki da ba naka ba, na gari ne. Ba a tafiya da shi."

Kamilu ya dubi jakar. Ya dubi ƙafafunsa. Ya dubi hanyar da suka biyo, ya tuna gobe ma akwai safiya, akwai ƙofar gida, akwai jakin Badaru da ba a ƙarasa ba. Ya ja zif, ya zaro makulli ɗaure da jan ƙyalle ya miƙa wa Liman. Liman ya ce takardar ta ce sai da rubutu. A kan jakar, bisa gwiwarsa, Kamilu ya rubuta layi uku ya sa hannu ya buga hatimi.

Kallamu ya juyo ya dubi Dabo baki sake.

"Bafillace! Kwana tara makullin nan yana hammatarka?"

"Tun ranar farko na ji ƙararsa."

"Ka kasa zaro shi?"

"Ni ɓarawo ne? Ni da ban taɓa awo ba, da sata zan fara?"

"Da ka zaro shi ranar farko, da masararka ta tudu ta sha."

Dabo ya buɗe baki ya rufe. Tun da aka san shi a Kanyar Maje, ran nan ne kaɗai aka gaya masa magana bai mayar ba. Ya juya ya kama hanyar gida, sandar na nutsewa a laka.

Shi Kamilu bai biyo su ba. Ina zai biyo mutanen da suka rako shi? Ya zauna a kan kwalbatin da takalmi a hannu har motar Kano ta zo, ya shiga ya tafi Bacirawa, inda aka ce ya yi wani gini. Sai bayan sati uku aka sake ganinsa a gari.

Kafin la'asar aka buɗe sito. Damina ta shiga ta rufin, buhunan ƙasa sun sha danshi. Yuriyar da ta faɗo wa Dabo ta daskare ta zama dutse guda, sai da Furera ta farfasa ta a turmi tana tsaki. Da yammar nan su uku suka shiga fagen gangare, shi da ita da Zulaihatu, yana huda ƙasa da sanda a gindin kowace shuka suna zubawa suna rufewa da ƙafa. Bai iya sunkuyawa ba, ya ce ai da ma aikin sanda sai wanda ya iya. Ko ƙwaya bai kai tudu ba. Kwana biyu aka yi ruwa mai kyau, cikin sati gangare ta yi baƙi-ƙirin da kore, har masu wucewa na tsayawa.

Ciyaman da sauran kansiloli tara suna nan daram har ƙarshen watan tara. Aka yi musu walima, aka ba su kuɗin sallama, rediyo ya ce sun sauka cikin mutunci. A mazaɓunsu an buɗe sito bayan an gama girbi. Dabo ya ji labarin a rumfar Kallamu, ya tofar da goron bakinsa.

"Da gwiwata ta bar ni, da shi ma ciyaman ɗin na raka shi har gidan ubansa."

Da kaka gangare ta ba da abin da ba ta taɓa bayarwa ba. Tudu kuwa abin da aka samu a cikinta Zulaihatu ce ta ɗauko shi a kai, sawu biyu. Da aka gama zubawa a rumbu Furera ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta sauko daga kan turmin da ta taka.

"Wata takwas, Malam. In an tsuke, tara. Ba zai kai sabuwa ba."

"Zai kai."

"Baki goma sha ɗaya. Ba zai kai ba. Awo za ka yi."

"Ba zan yi ba. Na riga na gama magana da Babarbaren nan. In lokacin ya yi zai kawo buhu biyu har gida, ni kuma in ba shi jan bunsurun nan da akuya ɗaya. Wannan musanya sunansa."

"Shi buhun da me zai cika shi? Ba da kwano zai auna ba?"

"Shi zai auna, a rumfarsa. Ni ina gidana. Kin ga ƙafata a kasuwa?"

Furera ta dube shi, ta dubi bunsurun da ke cin ɓawon masara bai san an gama da shi ba. Ta ɗauki tsintsiya.

"To Allah ya kai mu musanyar."

"Amin. Ki ɗora min ruwan zafi, ta hagun ce yau."